Ina Takardun Marubutan Wasan Kwaikwayon Rediyo, Kuma Wa Ke da Iko da Su?

Duk sa'ad da wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo ya riga mu gidan gaskiya, akwai tambayar da ke dawowa bakin jama'a: ina wasannin nan da iyayenmu suka riƙa kewaye akwatin rediyo suna saurare shekara hamsin ko sittin da suka wuce, kuma me ya hana a fito da su kowa ya ji? An ji wannan tambaya sosai a watan Nuwamba na 2023, lokacin da Allah Ya yi wa Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, rasuwa, kuma har yau takan taso a majalisun hira na Sakkwato da zarar wani ya turo guntun tsohon wasa ta WhatsApp. Amsar da aka fi bayarwa ita ce wasannin suna nan jibge a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, sakaci ne kawai ya hana a ɗora su a intanet.

Wannan amsa tana ɗauke da kuskuren fahimta iri biyu. Na farko shi ne zaton cewa duk abin da aka watsa a rediyo an naɗe shi an adana, alhali yawancin wasannin tsakiyar ƙarnin da ya wuce, a nan gida da ma ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, sun bi iska tun daren da aka watsa su. Na biyu shi ne ɗaukar takardun da marubucin wasa ya bari a matsayin tarkace, alhali sau da yawa su kaɗai ne shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wasan, kuma a cikinsu kaɗai za a ga sunayen mutanen da suka yi aikin tare da shi.

Me ake nufi da takardun marubuci?

A wurin masu aikin adana kayan tarihi, takardun mutum su ne duk rubuce-rubucen da suka taru a hannunsa a sanadin aikinsa da rayuwarsa, ba tare da ya tara su da nufin wani ya karanta ba. Ga marubucin wasan rediyo, wannan ya haɗa da daftarin farko da ya rubuta da hannu, da wanda aka buga da keken rubutu, da kwafin da aka raba wa 'yan wasa, da wasiƙu tsakaninsa da shugabannin tasha, da jerin sunayen waɗanda suka fito a kowane mako, da baucocin biyan alawus, da takardun yarjejeniya, da hotuna, da wasiƙun masu sauraro na yabo da na ƙorafi. Littafin da aka buga daga baya abu ne dabam, domin shi an tace shi, an gyara masa rubutu, an cire masa duk alamun ɗakin watsa shirye-shirye.

Ma'aikatan gidajen adana takardu suna bin ƙa'idoji biyu da suka samo asali daga Turai tun ƙarni na 19. Ɗaya ita ce kada a gauraya takardun da suka fito daga hannun mutum ɗaya da na wani, ko da kuwa batunsu ɗaya ne. Ɗayar kuma ita ce a bar su bisa tsarin da mai su ya jera su, domin jerin kansa bayani ne: wasiƙar da aka samu a maƙale da shafi na bakwai na wani wasa tana iya bayyana dalilin da ya sa aka soke rabin shafin. Bayan haka sai a rubuta fihirisa, wato jagorar da ke faɗin abin da ke cikin kowane kwali da kowane fayil. Tarin da ba shi da fihirisa, ko da yana cikin ginin gwamnati mai gadi da makulli, kusan daidai yake da wanda ya ɓace, tun da babu mai iya sanin abin da zai tambaya.

Dalilin da ya sa takarda ta fi murya daɗewa

A shekarun 1930 da 1940 kai-tsaye ake watsa wasan rediyo. 'Yan wasa su tsaya gaban makirufo da takardunsu a hannu, a yi wasan sau ɗaya, shi ke nan. In an so a naɗa, sai a kan wani faffaɗan faifai na ƙarfen alminiyum da aka shafe da wani irin fenti mai laushi, wanda fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti 15, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙarfe ya yi wuya, da gilashi aka riƙa yin sa. Fentin yakan tsattsage ya ɓare da tsufa. Tef na maganaɗisu ya yaɗu a gidajen rediyo bayan yaƙin, ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai ya zo da nasa lahani: ana iya goge shi a sake naɗa wani abu a kai. Da yake da tsada ake sayo shi daga waje, kowace tasha ta mayar da gogewa al'ada. Ita kanta BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta har zuwa shekarun 1970, balle tashar lardi ko ta jiha da ke jiran kasafin kuɗi kafin ta sayi sabon tef.

Wanda ya tsira daga gogewa ma bai tsira daga lokaci ba. Zafi da laima suna lalata gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisu a jikin tef, har ya zamana in aka sa shi a inji sai ya riƙa manne wa ƙarfe yana zubar da muryar da ke kansa. Wani nau'in kuma yakan fara warin tsami, alamar jikinsa ya soma ruɓewa. Ga kuma matsalar injinan da ke juya irin wannan tef, waɗanda kamfanoni suka daina ƙerawa, masu gyaransu kuma suna ta ƙarewa. Saboda haka ne a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hotuna ta duniya suka fito da wani shiri na faɗakarwa, suna gargaɗin cewa lokacin da ya rage na kwashe abin da ke kan tef zuwa kwamfuta ƙanƙane ne.

Takarda ba ta buƙatar inji ko lantarki kafin a karanta ta. Kuma da yake kowane ɗan wasa sai an ba shi kwafinsa, wasa ɗaya yakan sami kwafi goma ko fiye, an buga da takardar kabon ko an gurza a injin sitensil, sun watsu a gidaje dabam-dabam. Wannan yawan ne ya sa ake da kyakkyawan fatan samun rubutun wasa ko da muryarsa ta daɗe da salwanta.

Suna ɗaya a jikin kwali, hannuwa da yawa a ciki

A nan ne, a ganina, batun ya fi muhimmanci, kuma a nan aka fi yi masa gurguwar fahimta. Al'ada ce a sa wa tarin takardu sunan mutum ɗaya, amma wasan rediyo aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai marubuci, akwai furodusa mai tsara yadda za a gabatar, akwai 'yan wasa, akwai makaɗi ko mai tsara kiɗa, akwai mai haɗa sauti wanda zai kawo kukan jaki ko ƙarar ƙofa a daidai lokacin da ake so, akwai injiniya, akwai kuma mai buga keken rubutu wanda sunansa ba ya fita a iska ko sau ɗaya.

A duba shafi guda na kwafin da aka yi aiki da shi a ɗakin watsa shiri. Sunayen taurari suna jere a hagu da manyan baƙaƙe, kowane layin magana da lambarsa. A gefen dama furodusa ya rubuta lokaci da fensir, minti kaza da daƙiƙa kaza, domin wasan dole ya ƙare kafin labarai. An ja layi an soke jawabi guda saboda lokaci ya ƙure, ko saboda wani babba ya ce maganar za ta taɓa sarauta ko gwamnati. Ɗan wasa ya kewaye sunan tauraronsa da jan biro, ya kashe kalmar da marubuci ya sa, ya rubuta wadda ta fi zama a bakinsa a samanta. A ƙasan shafin an rubuta wurin da kalangu ko goge zai shigo da wurin da zai lafa. Mutum huɗu ko biyar ne suka bar sawunsu a wannan shafi ɗaya, kuma littafin da za a buga daga baya ba zai nuna ko ɗaya daga ciki ba.

Misalan ƙasashen da suka riga mu adana irin waɗannan takardu suna tabbatar da haka. Norman Corwin, wanda ya rayu daga 1910 zuwa 2011, shi ne marubucin wasan rediyo da ya fi suna a Amurka a shekarun 1940, lokacin yana aiki da kamfanin CBS. Shirinsa na ranar 15 ga Disamba 1941, na cikar dokar haƙƙoƙin 'yan ƙasa ta Amurka shekara 150, an ƙiyasta mutum fiye da miliyan 60 ne suka saurare shi, haka kuma ya yi wani shahararre a ranar 8 ga Mayu 1945 da yaƙi ya ƙare a Turai. Bernard Herrmann ne ya tsara kiɗan shirye-shiryen biyu. A yau wani ɓangare na takardun Corwin yana Jami'ar Syracuse, wani yana jihar Kalifoniya, na Herrmann kuma suna Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. Mai son sanin yadda aka haɗa shiri ɗaya tak sai ya bi waɗannan wurare ya jera takardar wannan kusa da ta wancan. Akwai kuma wasan nan na ranar 30 ga Oktoba 1938 da ya kwaikwayi labaran harin halittun wata duniya, wanda kowa ke jingina wa Orson Welles saboda shi ya jagoranci shirin kuma muryarsa aka ji, alhali Howard Koch ne ya rubuta shi. Ba don takardu ba, da wuya sunan Koch ya tsaya a tarihin wasan.

Namu marubutan da abin da muka sani game da su

An kafa hukumar watsa shirye-shirye ta Nijeriya a 1951, aka mayar da ita NBC a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a ranar 13 ga Maris. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata tashar a Kaduna, wadda ta zama gidan da wasan kwaikwayon Hausa na rediyo ya yi ƙarfi. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka buga littattafai a 1959 da 1960, a rediyo suka fara fitowa. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, masu sauraro sun san shi a iska kafin ya zama littafi. Ƙasar Sakkwato ma tana da nata rabo a tarihin rubutaccen wasa, domin Abubakar Tunau, marubucin Wasan Marafa, ɗan Talata Mafara ne, daga baya kuma Rima Radiyo da gidan talabijin na Sakkwato suka raini 'yan wasan da dattawa ke ambata har yau.

Abin lura shi ne waɗanda muka fi sani su ne waɗanda aikinsu ya sami shiga maɗaba'a. Wasan da ake yi mako-mako shekara da shekaru yana iya kai ɗaruruwan fitowa, littafi kuwa ba ya ɗaukar fiye da 'yan kaɗan. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a kiyaye: da yawa daga wasannin Hausa ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Furodusa yakan rubuta ƙashin bayan labari a shafi ɗaya ko biyu, a tattauna, kowane ɗan wasa ya cike nasa gurbi da basirarsa. Wani zai ce to ai babu abin adanawa ke nan. Ni kuwa ina ganin wannan ya ƙara wa ɗan abin da aka rubuta daraja, domin shafin nan guda da jerin sunayen da ke bayansa su ne za su nuna wa ya kawo labari, wa ya ƙirƙiri tauraro, wa kuma ya shiga daga baya.

Hanyoyin da takardun ke salwanta a Sakkwato

Sakkwato ba baƙuwa ba ce a sha'anin adana rubutu. Gidajen malamai sun riƙe littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u a cikin gafaka kusan shekara 200, kuma ɗakin karatun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya zama madogara ga masu bincike irin su Murray Last da Jean Boyd. Sai dai wannan girmamawa ta fi tsayawa a kan rubutun Larabci da ajami. Takardar da aka samu da rubutun Larabci a ƙasa, yaro ma ya san ya ɗauke ta ya saƙale a bango. Ta boko kuwa, musamman in aka ce ta wasan kwaikwayo ce, ba ta da wannan kariya. Duk wanda ya taɓa warware takardar da aka ƙunshe masa ƙosai ko tsire a bakin Tsohuwar Kasuwa ya duba abin da ke jikinta, ya ga tambarin ofis da sa-hannun wani jami'i sun jiƙe da mai, ya san inda tsofaffin fayiloli ke ƙarewa.

A gidajen rediyo, sauye-sauyen mulki sun yi tasu ɓarna. An yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, aka miƙa tashoshin NBC na jihohi ga gwamnatocin jihohi a ƙarshen shekarun 1970, sannan aka cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Kowane irin wannan sauyi yana zuwa da rabon ma'aikata da kaya da sauya ofis, kuma fayil ɗin wasan da aka daina yi shi ne abu na ƙarshe da wani zai tuna da shi ranar kwashe kaya. A gida kuma, rabon gado yakan raba abin da bai kamata a raba ba. In aka kasa littattafai da takardun mamaci tsakanin magada, wannan ya ɗauki fayil uku ya tafi Gusau, wancan ya ɗauki biyu ya tafi Birnin Kebbi, tsarin da ya haɗa su ya tafi ke nan.

Sauran aikin yanayi ne ke ƙarasa shi. Bushewar iskarmu tana rage funfuna, amma zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana sa takarda ta yi rauni ta riƙa karyewa, ƙurar hunturu ta shige ko'ina, damina ta sami rufin da ke yoyo, gara kuma ta huda kwali daga ƙasa ba tare da kowa ya lura ba sai an zo ɗagawa.

Mallakar takarda dabam, haƙƙin mallakar wasa dabam

Wata shari'a da aka yi a Ingila ta fayyace wannan batu. Dylan Thomas, marubucin waƙoƙi ɗan yankin Wales, ya miƙa wa furodusan BBC Douglas Cleverdon rubutun wasansa na rediyo, Under Milk Wood, a watan Oktoba na 1953, bayan Cleverdon ya shafe shekaru yana bin sa ya kammala. Da aka buga kwafi aka mayar masa da asalin, sai ya ɓace masa a Landan. Yana shirin tafiya Amurka ya ce wa Cleverdon in ya gano shi ya riƙe, Cleverdon kuwa ya gano shi a wata mashaya. Thomas ya rasu a Amurka ranar 9 ga Nuwamba 1953, aka watsa wasan ranar 25 ga Janairu 1954. Daga baya Cleverdon ya sayar da rubutun, matar marigayin ta kai ƙarar kamfanin da ya mallake shi, kotu kuma ta yanke hukunci a 1966 cewa kyautar ta tabbata. Abin da aka yi shari'a a kansa shi ne takardar ita kanta. Ikon bugawa da watsawa bai bi ta zuwa hannun mai saye ba.

Haka abin yake a dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022. Rubutaccen aikin adabi yana da kariya tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa da shirin da aka watsa kuma shekara 50. Ke nan wasa ɗaya yana iya samun masu haƙƙi da yawa a lokaci guda: magadan marubuci, da tashar da ta watsa, da wanda ya tsara waƙar buɗe shiri. In kuma marubucin ma'aikacin gwamnati ne da ya yi rubutun a bakin aikinsa, haƙƙin yana iya zama na gwamnatin, gwargwadon abin da takardar ɗaukarsa aiki ta ƙunsa. Wannan takarda, in tana nan, a cikin kwalin da ake shirin zubarwa take.

Ɓangarorin da ke ja-in-ja

Iyalai suna da hujjarsu ta riƙe abinsu. A cikin takardun uba akwai wasiƙun gida, da maganar bashi, da saɓani da abokan aiki waɗanda 'ya'yansu ke raye, kuma mutanenmu ba sa son tonon asiri. Wasu sun taɓa ba mai bincike aron takarda ba ta dawo ba. Akwai kuma waɗanda, saboda taƙawa, ba sa son a riƙa tuna mahaifinsu ko mahaifiyarsu da wasan kwaikwayo, musamman in shi kansa ya bar harkar kafin rasuwarsa. Bai kamata a yi wa wannan damuwa dariya ba. Abin da za a iya nuna musu shi ne yawancin wasannin nan gargaɗi ne kan zalunci da almubazzaranci da auren dole da cin amanar maraya, kuma gidajen adana takardu suna da tsarin rufe wani sashe na tari har tsawon shekarun da iyali suka gindaya.

Gidajen rediyo suna cewa da kuɗinsu da kayansu aka yi aikin, don haka nasu ne. Gaskiya ne ta wata fuska, amma iƙirarin mallaka yana tafiya da nauyin kulawa. Malaman jami'a su kuma suna son a buɗe komai ga mai bincike, wani lokaci ba tare da sun tsaya sun tambayi me iyali za su samu ba.

Sai masu cewa a sayar ko a miƙa wa ƙasashen waje, inda ake da ɗakuna masu sanyi da ƙwararru. Suna da misali: wata cibiya da Dennis Duerden ya kafa a Landan a farkon shekarun 1960, wadda ta riƙa naɗar hira da marubutan Afirka tana aika wa gidajen rediyo, takardunta suna Jami'ar Texas a Amurka, muryoyin kuma suna Ɗakin Karatu na Birtaniya. An adana su da kyau, babu musu. Amma ɗalibin Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba shi da kuɗin jirgi ko biza. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce irin ta shirin ceto takardun da ke cikin haɗari wanda Ɗakin Karatu na Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, inda ake ɗaukar hoton takardu a bar asalinsu a ƙasarsu. A gida kuwa akwai inda za a kai: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, da Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa a 1970, da reshen Kaduna na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. Magada kuma suna da wata ƙofa da addini ya buɗe musu, wato su yarda a tsakaninsu su mayar da tarin waƙafi, yadda ba za a sayar ko a raba shi ba.

Abin da wannan ya shafi mutumin gari

Wasan rediyo ya kama maganar mutane ta yau da kullum yadda littattafan makaranta ba su kama ba. Wanda ke son sanin yadda Basakkwace ke ciniki ko neman aure ko kai ƙara gaban alƙali a 1965, da irin kalmomin da ake amfani da su waɗanda yanzu sun soma ɓacewa daga bakin matasa, a irin waɗannan shafuka zai same su. Masu nazarin tarihi kuma za su ga yadda aka isar wa talaka da sauye-sauyen da suka taɓa rayuwarsa, tun daga yaƙi da jahilci har zuwa komawa tuƙi ta hannun dama a 1972 da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, lokutan da gwamnati ta dogara da rediyo fiye da komai. Matasan da ke rubuta wasanni a tashoshin FM na yau suna fara komai daga tushe, saboda ba su taɓa ganin yadda na gabansu suka tsara fitowa ta minti 30 ba. Ga magada kuwa, takardun su ne hujjar da za su riƙe in wani ya ɗauki labarin mahaifinsu ya mayar fim.

Wanda ke da irin wannan kwali a gida ba ya buƙatar jiran gwamnati kafin ya yi abin da ya sawwaƙa. A ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango da rufin kwano, in da hali a mayar da takardun cikin adakar ƙarfe. Kada a sake musu jeri, kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada a kai a manne shi cikin leda da injin zafi, domin wannan ba ya warwaruwa. A zare ƙusoshin maƙala da suka yi tsatsa a hankali. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, bisa jerin da aka same su, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. In an ci karo da tef, kada a gwada juya shi a tsohon inji, domin juyi ɗaya na iya zama na ƙarshe, amma a kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kwalinsa. In za a miƙa wa wata hukuma, a yi da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi ko kyauta ce ko ajiya, da jerin abin da aka miƙa, da sashen da iyali ba su yarda a buɗe ba tukuna.

Abin da ya fi gaggawa shi ne a nemi abokan aikin marubucin da ke raye, ko tsohon injiniya ne ko mai buga keken rubutu ko wadda ta riƙa fitowa a matsayin uwargida, a zauna da su da takardun a gabansu. Su ne za su iya cewa wannan rubutun fensir hannun wane ne, wannan laƙabi na wane ne, wannan shafi da aka soke kuma wa ya ba da umarnin soke shi. Wanda ya shiga aikin rediyo yana ɗan shekara 20 a 1965 ya kai 80 a 2025, don haka kowace hira da za a yi da su a naɗe ta, a rubuta ranar da aka yi ta da lambar shafin da ake magana a kai, a ajiye ta tare da takardun.